Yaro ya fara kwana bai farka ba, uwa kuma ido biyu: tambayoyi da amsoshi

Wata da watanni mai goyo tana roƙon Allah ya kawo daren da za ta kwanta ta tashi ba wanda ya tashe ta, ranar da daren ya zo kuma sai ta zabura ƙarfe huɗu, ƙirji ya cika taf, gaban riga ya jiƙe sharkaf, hannu na rawa ta kai hancin yaro ta ji ko yana numfashi. Shi kam ko a jikinsa, barcinsa yake sha. Yawanci yaron lafiyarsa ƙalau, uwar ce jikinta da zuciyarta da ma zaman aurenta suke buƙatar lokaci kafin su saba. Ga tambayoyin da aka fi yi a wannan gaɓar, har da waɗanda sai an ja mutum gefe an rage murya ake yin su.

Awa nawa ya kamata ya jera kafin a ce ya fara kwana, kuma a wata nawa ake sa rai?

Ke a ranki a kwanta bayan isha'i sai kiran assalatu, su kuma masu bincike in yaro ya jera awa shida bai farka ba sun sa shi a layin masu kwana. Wato wanda ya kwanta ƙarfe tara ya tashi uku na dare a wurinsu ya ci jarabawa, alhali ke a lokacin ne ma barcin ya fara daɗi.

Sabon haihuwa ba ya iya wannan, ba a ma so ya yi. Cikinsa ɗan mitsitsi ne, nono kuma saurin narkewa gare shi, shi ya sa yake nema sau 8 zuwa 12 a awa 24, ga shi bai san dare bai san rana ba sai wajen wata biyu zuwa uku jikinsa ke fara rarrabewa. Daga wata uku zuwa shida ne da yawansu suke fara jan dogon barci. Amma fa ba duka ba. Wani bincike na jami'ar McGill da ke Kanada da ya fito a 2018 ya gano a wata shida kashi 38 cikin 100 na jarirai ba sa jera awa shida, a shekara ɗaya ma kashi 28 suna nan suna farkawa, kuma da aka bi su ba a ga hakan ya taɓa kaifin ƙwaƙwalwarsu ko iya motsa gaɓoɓinsu ba. Don haka wadda nata ya kai wata tara bai taɓa bari ta kwana ba, ta daina zargin kanta ko ruwan nononta don ta ji ɗan maƙwabciya yana yi tun wata uku.

Jiya ya yi awa bakwai ko motsi, in tashe shi ya sha ko in ƙyale shi?

Ya danganta da kwanansa nawa a duniya. A satin farko da na biyu ana tashinsa, kar ya wuce awa uku zuwa huɗu bai sha ba, domin jarirai suna ɗan rage nauyi bayan haihuwa sai wajen kwana 10 zuwa 14 suke dawo da shi. Bakwaini, da wanda aka haifa ƙarami, da wanda idonsa ya yi rawaya na shawara, su kam ko sun wuce sati biyu ki bi abin da aka ce maki a asibiti, don irinsu suna iya yin barci da yunwa ba su yi kuka ba.

In ya wuce nan, ana kai shi awo nauyi na hawa a kati, yana jiƙa famfas ko nafkin aƙalla sau shida a rana, da rana yana kama nono da ƙarfi yana wutsil-wutsil, to ki ƙyale bawan Allah ya yi barcinsa. Abin da bai sha da dare ba zai rama da rana, za ki ga ya manne maki da safe.

To ta yaya zan gane barcin lafiya da barcin ciwo?

Mai barcin lafiya in kin taɓa shi yana motsi, ya yi miƙa, ya ɓata fuska, in kin sa masa nono ya cafke ko ido a rufe. Wanda ciwo ya kwantar kuwa kina ɗaga shi za ki ji ya saki laƙwas, ki tashe shi da ƙyar ya buɗe ido ya koma, ya ƙi kama nono ko ya kama ya saki. Ki duba jiki in ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau, numfashi in yana sauri ko ƙasan haƙarƙari na lotsawa ciki, maɗiga in ta faɗa, fitsari in ya ragu. Ko guda ɗaya kika gani a cikin waɗannan kar a jira gari ya waye, kar kuma a tsaya kemis. Yaron da bai kai wata uku ba in zafin jikinsa ya kai 38 a ma'auni asibiti ne kai tsaye, balle da damina da sauro ke cin karensa ba babbaka.

Abu ɗaya da ke tsorata mutane a banza shi ne barcin bayan rigakafi. Allurar sati 6, sati 10 da sati 14 takan sa su ɗan ɗumi da yawan barci na yini ɗaya ko biyu, in yana tashi yana shan nono ba komai.

Na tashi nono ya cika ya yi tauri kamar dutse, ko hannu ba na iya ɗagawa. Ya zan yi?

Jikinki bai samu labarin yaro ya canza tsari ba, yana nan yana haɗa abincin ƙarfe biyu na dare yadda ya saba. Yakan ɗauki kwana kaɗan zuwa sati kafin ya gane. Kafin nan in ciwo ya tashe ki, ki tatsa kaɗan da hannu, iya yadda za ki ji sauƙi ki tsaya. Kar ki zauna ki tatse tas, don duk abin da aka fitar jiki ɗauka yake ana buƙata sai ya sake cikawa, gobe ma ki tashi a haka. Tsumma mai sanyi a ɗora yana rage kumburi, farasitamol ma ba ya hana shayarwa. In kan nonon ya yi tauri har yaro ya kasa kamawa da asuba, ki fara tatsa kaɗan ya yi laushi tukun. Wasu kuma kafin su kwanta wajen ƙarfe goma ko sha ɗaya suna ɗaukar yaron cikin magagi su ba shi ya sha ba tare da ya wartsake ba, yana taimakawa sosai.

Inda za ki sa ido shi ne in wani gefe ya yi ƙullutu, ya yi zafi rau, kina jin sanyi da ciwon gaɓoɓi da zazzaɓi. A fatarmu ba lalle ki ga jan da ake faɗa ba, da hannu za ki ji. In ya kwana ya yini bai sauka ba ki je asibiti kafin ya tara ruwa. Kuma dan Allah kar ki hana yaro wannan nonon wai ya lalace ko ya yi tsami, tsotsonsa yana cikin maganin.

Wanda kika tatsa in za ki ajiye, awa huɗu ne a ɗaki mai sanyi-sanyi, kwana huɗu a firji. Firjin da wuta ke tsayawa fa, ba wanda Nepa ke wasa da shi ba.

Ruwan nonon ba zai ragu ba tunda ya daina sha da dare?

In yana sha yadda ya kamata da rana, abin da zai faru kawai jiki zai rage na dare ya ƙara na rana. Laushin da za ki ji nonon ya yi bayan sati ɗaya ko biyu ba ƙafewa ba ce, daidaituwa ce. Waɗanda ya kamata su kula su ne masu zuwa aiki ko makaranta, yaro bai sha da rana ba saboda ba kya nan, da dare kuma ya kwana, to nan kam zai iya ja baya don sinadarin da ke sa a samar da nono ya fi yawa a jiki da dare. Ki riƙe na asuba da na kafin kwanciya da kyau, ki tatsa a wurin aiki ko sau ɗaya ne ko biyu.

Shi yana ta barci ni kuma ƙarfe biyu na yi sai idona ya buɗe tarwai, in yi ta juyi har asuba. Lafiya kuwa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi yawa, kuma masu yin ta suna yi da ɗan jin kunya wai kar a ce sun cika ƙorafi, an ba su abin da suke nema sun kasa mora. Ba ke kaɗai ba ce. Wata huɗu ko biyar kina tashi a lokaci guda, ƙwaƙwalwa ta haddace, ta kuma koyi yin barci sama-sama kunne na wajen yaro. Har kukan da ba a yi ba sai ki ji, kina banɗaki ki fito da gudu ki tarar yana minshari. Wannan ba aljanu ba ne, gadi ne jiki ya saba da shi, a hankali yake sakewa, wata sati biyu wata fiye da wata.

Abin da ke tsawaita shi yawanci mu ne da kanmu. Ido na buɗewa sai a laluba waya, a ce bari in duba ƙarfe nawa, daga nan a faɗa WhatsApp, daga nan TikTok, ko a buɗe littafin da aka tsaya a shafi mai daɗi, kafin ki ankara ladan ya kira. Hasken waya da abin da kike kallo duk suna gaya wa ƙwaƙwalwa gari ya waye. Ki ajiye ta nesa da gado, agogon ma kar ki duba, don lissafin "saura awa biyu in tashi" shi kansa yana korar barci. In kin kai kamar minti ashirin kina juyi gara ki tashi zaune a duhu ko haske kaɗan, ki ja carbi, ki yi nafila in kina da hali, sai kin ji gyangyaɗi ki koma. Da yawa ma sun mayar da wannan farkawar lokacin tsayuwar dare, ba laifi, amma a tabbata ana rama barcin.

Sai shayi. Mai shayarwa da kofin shayi ba a raba su, ga goro, ga Nescafe, ga lemon kwalba mai baƙi, duk suna da sinadarin hana barci wanda bayan awa biyar ma rabinsa yana nan a jiki. Na bayan la'asar a bar shi ko a koma kunu. Sannan babbar matsalar, yaro na kwanciya ƙarfe takwas sai uwa ta ce yanzu ne lokacina, wanke-wanke, guga, ninkin kaya, kallo, hira, sai sha biyu ta kwanta, yaron da ya riga ya yi awa huɗu a cikin awa bakwai ɗinsa. Dogon barcin jariri a farkon dare yake, in kina so ki ci moriyarsa ki bi shi da wuri ko da kwana uku ne a sati.

In an wuce wata guda abin bai sauya ba, ko akwai faɗuwar gaba, jiri, haki, rama, ki je a duba jininki. Ƙarancin jini bayan haihuwa ya yi yawa a cikinmu, akwai kuma matsalar ƙwayar da ke gaban wuya, wadda likitoci ke kira thyroid, da kan taso wa wasu a shekarar farko, dukansu suna hana barci kuma suna da magani.

Na kasa daina tashi ina duba numfashinsa. Me zan yi hankalina ya kwanta?

Ki gyara wurin kwanciyar yadda ko kin yi nauyin barci kin san kin yi naki. A rigingine ake kwantar da jariri, ba rub da ciki ba, ba a gefe ba. Na san iyayenmu da yawa sun fi son rub da ciki wai ya fi jimawa yana barci kuma kai ya fi kyau, amma a Amurka da aka fara gangamin kwantar da jarirai a bayansu a 1994, mutuwar farat ɗaya ta cikin barci ta ragu da fiye da rabi. Hatsarin ya fi yawa tsakanin wata biyu zuwa huɗu, yawancinsa kafin wata shida. In ya kai yana juyawa da kansa gaba da baya, ki kwantar da shi a baya, in ya juya ki bar shi, kuma tun ya fara yunƙurin juyawa a daina naɗe shi tam a zani.

Likitoci sun fi son ya kwana a shimfiɗarsa daban amma ɗaki ɗaya da ke, aƙalla wata shida. Gaskiyar magana yawancinmu gado ɗaya muke kwana da su, to in haka ne katifa ta zama mai tauri, ba filo kusa da fuskarsa, ba bargo mai nauyi, ba ramin da zai faɗa tsakanin katifa da bango, kar a sa yayansa kusa da shi. Ranar da kika sha maganin mura mai sa barci, ko in maigida na shan taba, ko yaron bakwaini ne, a raba shimfiɗa. Barci da jariri a kan kushin ya fi komai hatsari. Gidan sauro kuma kullum, a soke shi da kyau kar ya sauko masa a fuska.

Lokacin hunturu ne aka fi yin ganganci saboda so. A sa riga uku, a sa hula, a lulluɓe, a rufe taga, a shigo da kaskon garwashi. Zafi ya yi wa jariri yawa hatsari ne, ki taɓa ƙirjinsa ko bayan wuyansa, in da gumi a rage. Garwashi a rufaffen ɗaki da janareta a bakin taga ko a baranda suna fitar da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe gida guda cikin barci. Turaren wuta da maganin sauro na igiya ma a bari hayaƙin ya fita kafin a shigo da shi.

An ce mai shayarwa ba ta ɗaukar ciki. Tunda ban ga al'ada ba ai ba matsala ko?

Yawwa, nan nake so a tsaya a karanta da kyau, don ta wannan ƙofar kwanika ta fi shigowa kuma ba wanda ke haɗa ta da barcin yaro. Shayarwa tana hana ciki da gaske, kariyarta ta kai kashi 98 cikin 100, amma da sharaɗi uku kuma sai sun haɗu duka: yaro bai kai wata shida ba, al'ada ba ta dawo ba, sannan nono zalla yake sha dare da rana ba dogon tsaiko, wato kar a wuce awa huɗu da rana, awa shida da dare. Kin ga kenan daren da ya jera awa bakwai ko takwas kina murna, sharaɗi na uku ya fara warwarewa. Yawan tsotso ne ke danne ƙwai ya hana shi fita, in tsotson dare ya tafi jiki sai ya fara shirin komawa aikinsa.

Kuma ƙwai yana iya fita kafin ki ga jinin farko, da kamar sati biyu. Shi ya sa za ki ji mace na rantsuwa ita ba ta ga komai ba tun jinin biƙi, sai kasala da yawan tofar da yawu, a je gwaji a ce wata uku, ga na goye ko zama bai iya ba. Daga nan sai a shiga yaye na dole da surutun dangi, ita kuma jikin da bai gama murmurewa ba ya koma ɗaukar wani nauyin. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a samu wata 24 bayan haihuwa kafin a nemi wani cikin, wanda ya zo daidai da shekara biyun shayarwa da muka sani a Alƙur'ani.

Don haka da zarar ya fara dogon barci, ko an fara ba shi kunu, ko ya cika wata shida, ki ɗauka kariyar ta ƙare. Magana ce ta ke da maigida, ku zauna ku yi ta tun kafin ta zama labari. In kun yanke za ku ba da tazara, a sashen tazarar haihuwa na asibiti akwai waɗanda ba sa taɓa nono, allurar wata uku, ashanar hannu, robar mahaifa, da ƙwaya ta masu shayarwa wadda daban take da ta sauran mata. Kar ki aika yaro kemis ya sayo maki wadda ƙawarki ke sha, wata irin tana rage ruwan nono, wata ba ta dace da mai hawan jini ba. In kuma cikin ya riga ya shiga, ba dole ne a cire yaro daga nono ranar ba, ciki lafiyayye ba ya sa nono ya zama guba, a je awo a ji shawarar ma'aikata.

Ni namiji ne. Yaro ya fara kwana amma uwarsa har yanzu gajiya take kuka da ita, ko hira ba ta tsayawa. Ba ta wuce lokacin ba?

Malam, ba ta wuce ba. Bashin barcin wata biyar ba a biyansa da kwana uku, kuma kamar yadda aka faɗa a sama shi ne ya fara kwana, ita ba ta fara ba. Kai ka ga yaro ya yi shiru, ba ka ga tashin da take yi tana tatsa ko tana taɓa ƙirjinsa ba. In kana so ta dawo da wuri, hanya mafi sauri ita ce ka karɓi yaron in ka dawo daga masallaci da asuba bayan ya sha, ka ba ta awa ɗaya ko biyu ta yi barcin da ba kunne a buɗe. Kunyar ɗan fari ba ta hana wannan, a cikin ɗaki ne ba wanda ya gan ka. Ranar da ba aiki a bar ta ta yi ƙailula, a rage mata baƙi da girkin dare mai wahala.

Maganar shimfiɗa kuma a bi a hankali, shayarwa kan sa bushewa da raguwar sha'awa, ba ƙi ba ne. Sannan ka koma ka karanta amsar da ke sama da wannan, da kai ake.

Sati uku yana kwana lafiya, na faɗa wa mutane, yanzu ya dawo tashi sau huɗu. Baki ne ya kama shi?

Addu'a kam a yi ta kullum, Annabi (SAW) yana nema wa Hasan da Husaini tsari, mu ma mu yi wa namu, kuma ba dole ne duk wanda ya zo barka da arziki ya ji awa nawa ɗanki ke barci ba. Amma ko ba ki faɗa wa kowa ba da ya dawo tashin, don haka barcin jarirai yake, gaba biyu baya ɗaya. Wajen wata huɗu tsarin barcinsu ke sauyawa, su riƙa farkawa tsakanin zango da zango, wanda ya saba sai da nono ko jijjiga yake barci sai ya nemi a maimaita masa. Wajen wata shida ga haƙori. Wata takwas zuwa goma ga ƙyuya, ya gane in kin fita kin fita, ga rarrafe da kama abu a miƙe, har cikin dare sai ka gan shi yana gwaji. Ga mura, ga tafiya, ga zafin watan Afrilu da ko babba ba ya iya barci in an ɗauke wuta.

In ya yi ɗan ƙunƙuni ki dakata kaɗan kafin ki ɗauka, sau da yawa juyi ne zai koma da kansa. In ya tashi da gaske ki ba shi a duhu, ba wasa ba hira ba kunna fitila. Yawanci sati biyu zuwa huɗu ya wuce.

Hajiya ta ce in dama masa koko mai kauri da dare zai fi kwana, wata kuma ta ce akwai sirof da ake ba su. In gwada?

Ta Hajiya da sauƙi, cikin ladabi za ki ce mata a asibiti sun ce a bari ya cika wata shida. Kafin nan nono zalla, ko ruwa ba ya buƙata ko da zafin Sakkwato ne, don nonon kansa kusan kashi 87 cikin 100 ruwa ne, in ƙishi ya dame shi zai nemi ƙari. Koko a fida kafin lokaci ga shaƙewa ga gudawa, kuma yana cika ciki ya hana shi shan abin da ya fi amfani. Bayan wata shida a ba shi abinci da cokali, a ci gaba da nono, zuma kuma sai ya shekara.

Ta sirof kuwa babu lallashi a ciki, a'a ce. Su Piriton da Phenergan da magungunan tari da ake ɗura wa yara don uwa ta huta, ba barci suke sa su ba, bugar da su suke. Phenergan an hana ba yaron da bai kai shekara biyu ba saboda yana iya danne numfashi. Maganin tari mai kodin gwamnatin Najeriya ta hana shi tun 2018. Kuma waɗanda suka isa tunawa sun san abin da maganin haƙori na My Pikin ya yi a 2008 zuwa 2009, yara 84 suka rasu saboda gubar da ta shiga haɗin. In kina barin yaro wurin mai raino ko 'yar aiki kika ga barcinsa ya yi wani irin nauyi ba dalili, ki bincika, kar ki ji nauyin tambaya.

Famfas ya cika cikin dare, in canza ko zai tashe shi?

Fitsari kaɗai ne a bar shi zuwa safe, a shafa masa man kaɗanya ko Vaseline kafin kwanciya. Kashi ne ko yana da ƙurajen zaman famfas, a canza nan take, da ɗan haske, ba surutu.

Abin kunya, ni kewar tashin daren nake ji, har kuka na yi. Wannan fa?

Ba abin kunya ba ne. A gidan da ke cike da mutane, tsakar daren nan ne kaɗai lokacin da daga ke sai shi, ba mai kira ba mai aike, musamman mai ɗan fari da da rana ko sunansa ba ta iya faɗa gaban manya balle ta yi masa wasa. Raguwar shayarwa ma tana taɓa sinadaran jiki ta sa rai ya yi rauni na ɗan lokaci. Wannan yana wucewa.

Wanda ba a zama da shi shi ne in an kai sati biyu kullum rai a ɓace, ba kya jin daɗin komai, abinci ba ya shiga, kina ganin ke ba uwar kirki ba ce, ko tunanin cutar da kanki ko yaron yana zuwa maki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 13 cikin 100 na matan da suka haihu suna shiga irin wannan hali, galibi ciwon damuwa, a ƙasashe masu tasowa ya kusa kashi 20. Ba raunin imani ba ne kuma ba a cewa "yi haƙuri" kawai a wuce. Ki faɗa wa wanda kika yarda da shi, maigida ko Umma ko yayarki, a raka ki wurin likita. In tunanin cutarwa ne, ranar za a je.

To yaushe zan koma barci irin na da, kafin in haihu?

Kar ki ce na karya maki gwiwa. Masu bincike na jami'ar Warwick a Ingila sun bi iyaye sama da 4,600 a Jamus, suka fitar da sakamako a 2019, wata ukun farko ne mafi tsanani, uwa na rasa kusan awa guda kowane dare, uba kuwa ko minti 15 bai cika ba. Daga nan yana gyaruwa sosai, amma har yaron fari ya kai shekara huɗu zuwa shida barcin uwa bai gama komawa yadda yake ba, da saura kamar minti 20. Su kenan da yawanci ɗaya ko biyu suke haifa, mu kafin na farin ya kai shida ai an yi masa ƙane ko biyu.